Karen da Ke Gajiya ko Faɗuwa a Wajen Gudu: Tambayoyi da Amsoshi kan Homon da Fotasiyam

Wannan shafi na masu sa kare aiki ne: mafarauta, masu karnukan gadi, jami'an tsaro masu karnukan sunsune, da masu fita motsa jiki da karensu da sassafe. Kukan nasu kusan iri ɗaya ne. Kare yana gudunsa lafiya lau, sai ya fara gajiya da wuri, ko ƙafafun baya su saki, ko ya zube a tsakiyar hanya. Galibi zafi ne, ko tsutsar ciki, ko cutar kaska. Amma akwai waɗanda matsalarsu ke cikin homon, wato sinadaran da jiki ke sakewa cikin jini don kai umarni ga sassansa, kuma hanyar da take bi ta isa ga zuciya ita ce fotasiyam.

Mene ne fotasiyam, kuma ina ruwansa da gudun kare?

Fotasiyam gishirin jiki ne, ɗan'uwan sodiyam da ke cikin gishirin miya. Kusan kashi 98 cikin 100 na wanda ke jikin kare yana kulle a cikin ƙwayoyin halitta, akasari na tsoka. Ɗan ragowar shi ke yawo a ruwan jini, shi kuma ake aunawa a ɗakin gwaji. A lafiyayyen kare awon kan tsaya tsakanin 3.5 da 5.5 mmol/L (ma'aunin yawansa a kowace lita ta ruwan jini), gwargwadon na'urar da aka auna da ita. A cikin ƙwayar tsoka kuwa ya kai wajen 150.

Wannan rata tsakanin ciki da waje ita ke ba tsoka da jijiya wutar da suke aiki da ita. Duk motsin da tsoka ta yi, ɗan fotasiyam kan fita, sodiyam ya shiga. Idan kare ya bi zomo a guje, haka za ta yi ta faruwa ba adadi, fotasiyam ya dinga kwarara cikin jini. Abin da ke mayar da shi ciki wani ɗan famfo ne da ke jikin bangon kowace ƙwayar halitta, wanda ke fitar da sodiyam uku ya shigar da fotasiyam biyu. Masani ɗan ƙasar Denmark, Jens Christian Skou, ya gano shi a 1957, aka kuma ba shi kyautar Nobel a kan haka a 1997. Abin kamar kwale-kwale ne mai yoyo: muddin masu kwarfe ruwa sun isa kuma hannunsu da sauri, ba a nutsewa. Homon su ke yanke yawan masu kwarfar da saurin hannun nasu.

To ashe gudun kansa haɗari ne?

Ga lafiyayyen kare, a'a. Hawan fotasiyam lokacin gudu tsari ne na jiki, har ma yana da amfani, domin fotasiyam ɗin da tsoka ta saki yana cikin abubuwan da ke buɗe hanyoyin jini a wurin da ake aikin. A jikin ɗan Adam, gudu na iya ƙarfi kan kai awon zuwa 7 ko 8 na ɗan lokaci, adadin da in likita ya gani a jikin marar lafiya da ke kwance sai hankalinsa ya tashi. Da an tsaya, cikin 'yan mintoci ya sauko, wani lokaci ma ya ɗan wuce ƙasa kafin ya daidaita. Lafiyayyen kare da ke sassarfa ko matsakaicin gudu da ƙyar ma awonsa ke motsawa.

Kare kuma ba ya gumi kamar mutum ko doki, da haki yake shan iska. Saboda haka ba ya zubar da gishirin jiki ta fata. A tafiya mai nisa ma lissafin juyewa yake yi. Karnukan da ke jan keken ƙanƙara a tseren Iditarod na Alaska, mai tsawon kilomita kusan 1,600, an auna jininsu an ga sodiyam da fotasiyam ƙasa suke yi bayan kwanaki ana gudu.

Waɗanne homon ne ke riƙe da ragamar?

Huɗu ne manya, kuma kowanne da lokacinsa. Adirinalin shi ne na nan take: da kare ya zabura, sai ya ƙara wa famfunan tsoka sauri. Insulin, wanda fankiriyas, wata halitta da ke kusa da tumbi, ke fitarwa, yana tura fotasiyam cikin ƙwayoyin halitta tare da suga, cikin mintoci. Aldostiron aikinsa na sa'o'i ne, shi ke umartar ƙoda ta riƙe sodiyam da ruwa, ta zubar da rarar fotasiyam a fitsari. Homon ɗin tayirod, wata halitta da ke wuya, kuwa na makonni ne, shi ke sa tsoka ta ƙera famfunan da yawa ko kaɗan.

Adirinalin da aldostiron daga wuri ɗaya suke fitowa, wato adirinal, wasu 'yan ƙananan halittu biyu da ke kusa da saman ƙoda. A nan ne kuma ake yin kotizol, wanda ke tare hawan jini da sugan jini kada su faɗi idan jiki ya shiga wahala. Wannan bambancin lokaci shi ya sa cututtukan waɗannan homon ba sa kama da juna. Wanda ya rasa aldostiron ya shiga gudu ne da fotasiyam a sama tun daga gida. Wanda tayirod ɗinsa ya yi sanyi yana iya zama ba laifi a kwance, sai an gudu abin ya bayyana.

Wace cuta ce ta fi kisa a cikinsu?

Cutar Addison, babu tantama. Sunan likitan Landan ne, Thomas Addison na asibitin Guy's, wanda ya bayyana ta a jikin mutane a 1855, kuma ta fi yawa a karnuka fiye da mutane. A mafi yawan lokuta garkuwar jikin karen ce ke cinye bangon adirinal, aldostiron da kotizol su ƙafe tare. Takan kama matasa da masu matsakaicin shekaru, akasari wajen shekara huɗu, kuma karya ta fi namiji kamuwa. Cikin jinsunan da aka sani da ita akwai Standard Poodle, Bearded Collie, Portuguese Water Dog, Great Dane da Rottweiler. Biyun ƙarshen ana kiwonsu a gidajen gadi a biranenmu. Karen gida ma da ba shi da jinsi yana kamuwa.

Idan aldostiron ya ƙare, ƙoda takan yi ta zubar da sodiyam, ruwa ya bi shi, fotasiyam kuma ya taru. Jini ya ragu a jijiya, abin da ke isa ƙoda ya ƙara raguwa, fotasiyam ya ƙara hawa. Yanzu ka ɗauki wannan kare ka fita da shi farauta a watan Afrilu. Hakin da zai yi zai ƙara busar da shi, tsokoki su ƙara zuba fotasiyam a kan wanda ya riga ya taru, ga shi babu kotizol da zai tare hawan jini da suga kada su faɗi. Daga 7.5 zuwa sama zuciya na cikin haɗari, kusa da 9 kuwa tana iya tsayawa.

Muguntar cutar ita ce ɓoye kanta. Yau amai, gobe zawo, jibi ya ware ya ci abinci. Rama a hankali, rawar jiki, yawan shan ruwa, kasala. Ba wanda zai ga waɗannan ya ce homon ne. Alamar da nake ganin ta fi kowace daraja tana cikin tarihin karen: ya kwanta bayan wahala, an yi masa ƙarin ruwa ko allurar dexamethasone, ya miƙe garau kamar ba shi ba, bayan mako biyu ko wata guda ya sake kwanciya. Ƙarin ruwan ya mayar masa da sodiyam, allurar ta tsaya a madadin kotizol, shi ya sa ya tashi. In hakan ya faru sau biyu, kada a jira na uku, a auna gishirin jininsa.

Akwai kuma nau'in da kotizol kaɗai ke ƙarewa, fotasiyam ya zauna daidai. Don haka awo mai kyau bai wanke kare daga cutar gaba ɗaya ba.

Zan iya gane hawan fotasiyam da idona?

Da ido, a'a. Yawansa da ƙarancinsa duk sanyin jiki da mutuwar ƙafafu suke kawowa. Da hannu dai akwai abin da za ka iya ji. Sa yatsunka a cikin cinyar baya, can kusa da matsematsi, ka ƙirga bugun jijiya na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Babban kare a kwance yakan buga 60 zuwa 120 a minti. Wanda ya faɗi bayan gudu, jikinsa a bushe, dasashinsa fari, ya kamata zuciyarsa ta riƙa dukan uku-uku, sama da 140. Idan a wannan hali ka ji tana tafiya a hankali, 60 ko ƙasa, ko tana tsallake, to abin da likita zai fara zargi ke nan. Yawan fotasiyam na rage wa zuciya sauri a daidai lokacin da jiki ke buƙatar ta ƙara.

A kula: ƙosasshen karen farauta da ke hutawa lafiya yana iya bugun 50 zuwa 60, kuma wannan alamar horo ce. Jinkirin bugu a jikin karen da ya galabaita shi ne abin tsoro.

An ce karena na da ƙarancin tayirod. Me ya haɗa wannan da fotasiyam?

Tayirod ita ce halittar da ke wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo a jikin mutum. A kare ba kasafai take kumbura ba, shanyewa take yi. Cutar ta fi kama matsakaita da manyan karnuka masu matsakaicin shekaru, irin su Doberman, Boxer da Golden Retriever. Kare ya yi ƙiba ba tare da ya ƙara ci ba, gashi ya zube gefe da gefe daidai wa daida, wutsiya ta koma kamar ta ɓera, ya riƙa neman wuri mai ɗumi, ya daina son gudu.

Game da fotasiyam, akwai binciken da aka yi a makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Utrecht a ƙasar Holand, aka wallafa a 2002. An cire wa karnuka jinsin Beagle tayirod, aka auna yawan famfunan tsokarsu kafin aikin da kuma bayan shekara ɗaya. Sun ragu da kashi 41 cikin 100. A kwance ma fotasiyam ɗin jininsu ya ɗara na lafiyayyu da kashi 14 cikin 100. Da aka sa su gudu a kan na'urar gudu, nasu ya hau sosai, na lafiyayyun bai motsa ba. Masu binciken sun duba ko tsoka ce ta fashe, suka ga ba ita ba ce. Sun duba ko aldostiron ne ya gaza, suka ga ƙaruwa ma ya yi. Abin da ya rage shi ne ƙarancin famfo.

Ma'anar wannan ga mai kare ita ce, ragwancin da kake gani ba hali ba ne, kuma duka ko tilasta gudu ba zai gyara shi ba. Tsokar da fotasiyam ya taru a bayanta ba ta amsa umarni yadda ya kamata, shi ya sa take gajiya da wuri. Ba kasafai wannan kaɗai ke kai wa ga tsayawar zuciya ba, sai in ya haɗu da ciwon ƙoda ko wani magani mai riƙe fotasiyam. Maganin ƙwayar levothyroxine ce har ƙarshen rayuwa, kuma awon kare ya ninka na mutum nesa ba kusa ba: wajen maikurogiram 20 a kowane kilo, alhali mutum bai cika wuce 2 ba. Kuzari kan dawo cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma tsoka da gashi sai an ba su watanni.

Gwaji ya nuna tayirod ɗin karen farautata ya yi ƙasa. In fara ba shi magani?

Dakata tukuna. Wannan yana cikin cututtukan da aka fi ɗora wa karnuka bisa kuskure. Duk wata doguwar jinya tana saukar da awon tayirod, haka ma magunguna irin su prednisolone, phenobarbital da Septrin. Karnukan tseren Alaska ma, lafiyayyu sarai, awonsu kan sauka lokacin tsere. Sannan siraran karnuka masu dogayen ƙafafu da ke farauta da gani, irin su Greyhound, Saluki da Sloughi, da ma Basenji, halittarsu ce awonsu ya gaza na sauran karnuka. Karen Azawak na makiyayan Nijar da Mali wannan ƙirar gare shi, don haka da wannan taka-tsantsan ya kamata a karanta sakamakonsa. Siririn kare mai sheƙin gashi da ke cin ƙasa da gudu ba shi da ƙarancin tayirod, komai lambar da ke kan takarda.

Akasin haka ma yana faruwa ta wata hanya da ba a zato. Karen da ake yawan ciyarwa da ɗanyen maƙogwaro da naman wuya daga mahauta yana iya cin tayirod ɗin dabbar da aka yanka, homon ya yi masa yawa, ya rame, ya riƙa haki da bugun zuciya.

Karyata na da ciwon suga. Za ta iya fita gudu?

Za ta iya, idan ciwon ya daidaita kuma gudun iri ɗaya ne kullum, a lokaci ɗaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne zaman gida kwana shida sannan wunin farauta rana ɗaya. Gudu na ƙona suga, yana kuma ƙara wa insulin ƙarfi, sai suga ya faɗi, kare ya yi tangaɗi ko farfaɗiya.

Ta fuskar fotasiyam, ciwon suga mayaudari ne. Rashin insulin kan bar fotasiyam a waje cikin jini, yawan fitsari kuma ya yi ta kwashe shi. Sai gwaji ya nuna daidai, ko ma sama, alhali rumbun jiki ya kusa ƙarewa. Idan ciwon ya tsananta har jini ya yi tsami, kare na amai, aka ɗirka masa insulin ba tare da an sa fotasiyam a ruwan da ake ƙara masa ba, awon kan faɗi warwas cikin sa'o'i kaɗan, har numfashi ya gagara. Wannan aikin asibiti ne da awo a kai a kai.

Ga masu karya akwai ƙarin magana. A watanni biyun da ke bin bayan lokacin barbara, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, homon ɗin jikinta na hana insulin aiki. Shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a cire wa karya mai ciwon suga mahaifa da ƙwai. Insulin kuma zafi na lalata shi, a firji ake ajiye shi.

Akwai cutar homon da ke sa fotasiyam ya yi ƙasa?

Akwai. Ƙari a jikin adirinal na iya fitar da aldostiron fiye da kima, ƙoda ta yi ta zubar da fotasiyam, hawan jini ya tashi. Kyanwa ta fi kare samun wannan, a kare ba safai ba. Cutar Cushing kuma, wato yawan kotizol, ta tsofaffin karnuka ce: tumbi ya zazzago, fata ta yi laushi, ga shan ruwa da fitsari da haki ko ba a yi gudu ba. Kashi 80 zuwa 85 cikin 100 daga ƙaramin ƙari ne a fitiyutari, can ƙasan ƙwaƙwalwa. Fotasiyam ɗinsu galibi daidai yake ko ɗan ƙasa kaɗan, raunin nasu daga zaizayewar tsoka ne. Inda haɗarin yake shi ne magani: trilostane da mitotane, in sun yi yawa, sukan danne adirinal har kare ya koma mai cutar Addison.

Ƙarancin fotasiyam ba ƙaramin abu ba ne ga mai gudu. Ƙasa da 3.0 rauni kan bayyana, ƙasa da 2.5 tsoka na iya lalacewa. Likitan ƙoda ɗan Amurka James Knochel ya nuna dalili a 1972, kuma a jikin karnuka ya yi gwajin: tsokar da ba ta da isasshen fotasiyam ba ta sakin wanda zai buɗe hanyoyin jini, sai ta yi aiki babu wadataccen jini, ta mutu. Idan ta fashe kuma abin da ke cikinta ya zube a jini, ya toshe ƙoda, fitsari ya koma launin shayi. Karen da ya fara da ƙaranci yana iya ƙarewa da yawa. A wurarenmu dai amai da zawo, musamman na cutar parvo, da maganin sa fitsari furosemide, sun fi homon jawo ƙarancin.

Nakan yi wa karnukana allurar dexamethasone kafin farauta don ƙarfi. Da matsala?

Da matsala babba. Ba ta ƙara ƙarfi, tsoka ma take ci idan an daɗe ana yi, tana kuma jawo ciwon suga da gyambon ciki. Adirinal in ta ga kotizol na zuwa daga waje sai ta daina yin nata. Ranar da aka tsayar da allurar kwatsam bayan makonni, kare ya rasa na waje ya rasa na ciki, ya zube da an sa shi wahala. A irin wannan, aldostiron yakan tsira, don haka fotasiyam na iya fitowa daidai a gwaji alhali kare na cikin haɗari. Wanda ya daɗe a kan irin wannan magani a hankali ake janye masa, bisa tsarin likita.

Sauran magungunan da ya kamata likita ya ji labarinsu: enalapril, benazepril da spironolactone na ciwon zuciya suna riƙe fotasiyam. Propranolol na toshe aikin adirinalin a kan famfo, sai hawan lokacin gudu ya ƙaru. Septrin ma na iya ɗaga shi. Ibuprofen da diclofenac kuwa guba ne ga ƙoda da cikin kare.

Sakamako ya nuna fotasiyam sama, sodiyam ƙasa. Addison ce ke nan?

Ba lallai ba. Likitoci kan raba awon sodiyam da na fotasiyam. A lafiyayyen kare amsar kan faɗa tsakanin 27 da 40. Ƙasa da 27 abin zargi ne, amma zargi ba hukunci ba ne. Tsutsar babban hanji da ake kira Trichuris vulpis na iya ba da wannan hoton sak, har da zawo da kasala, alhali adirinal lafiyarta ƙalau. Ƙwanta kan daɗe shekaru a ƙasa, kuma ba kullum ake ganinsa a gwajin kashi ba, shi ya sa likita kan ba da maganin tsutsa na fenbendazole ko da gwajin bai nuna komai ba. Toshewar fitsari, fashewar mafitsara bayan mota ta buge kare ko dabba ta tunkuye shi, da mutuwar ƙoda farat ɗaya, duk suna ɗaga fotasiyam.

Wani lokaci kuma laifin kwalba ne. Kwalbar jini mai murfi shunayya akwai fotasiyam a cikin maganin da ke hana jinin daskarewa. In aka auna daga cikinta, ko aka juye jininta a wata kwalbar, za a ga fotasiyam ya yi tashin gwauron zabo, kalsiyam ya faɗi ƙasa, ga kare tsaye yana kaɗa wutsiya. Karnukan Japan, Akita da Shiba, jajayen ƙwayoyin jininsu cike suke da fotasiyam, saɓanin sauran karnuka, don haka jinin da ya jima ba a tace ba kan ba da awon ƙarya.

Hukunci na gwajin ACTH ne: a ɗebi jini, a yi allurar da ke zaburar da adirinal, a sake ɗiba bayan awa ɗaya. In kotizol bai tashi ba, cutar ta tabbata. Inda allurar ba ta samu ba, awon kotizol sau ɗaya ma na da amfani, domin idan ya haura 55 nmol/L da wuya a ce Addison ce.

Kare ya faɗi muna daji. Me zan ba shi?

Inuwa da ruwa. Kwara masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi masa fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Zafin jikin kare 38 zuwa 39.2 ne, daga 41 zafi ya fara dafa kayan ciki. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwa zalla kaɗan-kaɗan. A shafa masa zuma ko ruwan sukari a dasashi da cokali ko tsinke. In faɗuwar suga ce zai taimaka, in fotasiyam ne ya hau ba zai cutar ba. Kada a ɗura wa wanda ya suma komai. Idan kuma kare na dalalar da miyau, muƙamuƙinsa ya saki, ba a yi masa rigakafin haukan kare ba, kada kowa ya sa hannu a bakinsa.

Abin da ba za a ba shi ba: ruwan gishiri da sukari na leda, ORS, yana ɗauke da fotasiyam 20 mmol a kowace lita, ruwan kwakwa ya fi haka, ruwan toka kuma fotasiyam ne mai ƙuna. Kanwa galibinta sodiyam ce, amma zawo za ta sa shi ta ƙara busar da shi. Tunda ba ka san ko sama awon yake ko ƙasa ba, duk abin da ka ɗura caca ce. Ɗauke shi za a yi zuwa asibiti, ba jan sa da igiya ba. A can, ƙarin ruwa ta jijiya shi ne kan gaba, sai allurar kalsiyam don kare zuciya, da ruwan suga na gulukos, wani lokaci tare da insulin, don tura fotasiyam ciki.

Wane gwaji zan nema, kuma a ina?

Gwajin gishirin jini da aikin ƙoda, wanda ma'aikatan lab ke kira E/U/Cr, tare da suga da ƙidayar ƙwayoyin jini, da duba jini a madubi don cutar kaska da sammore, da gwajin kashi da na fitsari. Na'urar da ke auna fotasiyam ɗin mutum tana auna na kare. Gwajin tayirod ne ke son na'urar da aka saita don kare. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri wurare ne da za a fara tambaya.

Lokacin ɗibar jini na da muhimmanci. Na hutu a ɗebe shi bayan kare ya huce sosai, kuma kafin a sa masa ruwa ko allura. Idan likita na son ganin abin da gudu ke yi, sai a ɗiba cikin minti ɗaya ko biyu da tsayawa, in ba haka ba awon ya riga ya sauko. Ɗauki bidiyon faɗuwar da wayarka, ka riƙe minti nawa aka yi ana gudu kafin ta faru. Labrador da ƙafafun bayansa ke saki bayan minti 5 zuwa 20 na gudu mai zafi, ya kuma warware cikin rabin awa, yana iya kasancewa da wata cutar gado ce ta jijiya da aka gano asalinta a 2008, wadda ba ruwanta da homon ko fotasiyam.

Karen da aka tabbatar yana da Addison zai koma aiki?

Yawancinsu suna komawa, suna kuma yin tsawon rai kamar kowane kare, muddin magani bai yanke ba. A madadin aldostiron akwai allurar DOCP, da ake sayarwa da sunan Percorten-V ko Zycortal, kusan duk kwana 25 zuwa 30, ko ƙwayar fludrocortisone kullum. A madadin kotizol kuma ɗan prednisolone kowace safiya. Bayan allurar farko akan auna gishirin jini wajen kwana na 10 zuwa 14, a sake kafin allura ta biyu, har a gano awon da ya dace da shi. Ga babban kare kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma gara a tabbatar da inda za a riƙa samun maganin tun kafin a fara.

Komawa gudu a hankali ake yi, bayan awo ya daidaita, da sanyin safiya, kuma ruwan sha na kusa koyaushe. Ranar farauta, ko doguwar tafiya a mota, ko tiyata, likita zai ce a ƙara prednisolone, sau da yawa ninki biyu, tunda jikinsa ba zai iya ƙara kotizol da kansa ba. Idan ya yi amai sau biyu a jere har ƙwayar ta ƙi zama a cikinsa, ranar ba ta fita daji ba ce, a kai shi asibiti a ba shi maganin ta allura.